Shekara arba'in da barin sakandare: yaya ake nemo 'yan aji, kuma yaya ake riƙe su?

Ɗan Tudun Jukun:

Assalamu alaikum jama'a. Mu 'yan ajin 1984 ne na wata sakandare a nan Zariya, wato mun shiga aji ɗaya a 1979 muka fita daga aji biyar. A lokacin mun haura mutum ɗari, amma yau waɗanda ake da lambar wayarsu ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. An buɗe zauren WhatsApp, aka ɗan yi ɗoki, daga baya ya koma ba abin da ke shigowa sai barka da Juma'a da saƙonnin da ake kwasowa daga wasu wurare. Rasuwar ɗan ajinmu ma sai bayan an yi sadakar arba'in wasu ke ji.

Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Ta ina ake bi a gano waɗanda suka ɓace? Yaya ake tafiyar da kuɗin taimakon juna ba tare da an ɓata ba? Kuma me ke sa zaure ya rayu? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malamin Aji:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka nemi mutum ko ɗaya, fara neman sunaye. Yawancin ajujuwa zama suke yi su biyar ko shida su yi ta tuno wane da wane, alhali ƙwaƙwalwa ba ta kawo kowa sai 'yan ƙwallo, da masu ƙiriniya, da waɗanda suka yi suna daga baya. Yaron nan shiru-shiru na bencin baya babu mai tuna shi, kuma sau da yawa shi ya fi bukatar a neme shi.

Takarda biyu za ku nema a makaranta: rajistar shiga ta 1979, da jerin sunayen waɗanda suka zauna jarrabawar WAEC a 1984. Ku rubuta wa shugaban makaranta wasiƙa, mutum biyu su kai da hannu, kowa riƙe da shaidar gama makarantarsa. Kada ku je lokacin jarrabawa ko makon farko na komawa hutu, ba mai sauraronku. Kada kuma ku nemi a ba ku littafin ku fita da shi. A nan ofis za ku buɗe shi shafi-shafi ku ɗauki hoto. Takardar WAEC kuwa sunaye kawai za ku kwafa, a rufe gefen sakamako da wata takarda. Dattijon da ya ga F9 ɗinsa tana yawo a zaure yana ɗan shekara sittin, ya tafi ke nan.

Dalilin neman guda biyun shi ne ba za su zo daidai ba. Akwai wanda ya shiga tare da ku ya maimaita aji ya fita a 1985, akwai wanda ya zo daga wata makaranta a aji uku, akwai wanda mahaifinsa ya rasu ya bar karatu a aji biyu. Ku yanke tun farko cewa duk wanda ya zauna aji da ku ko na shekara ɗaya ne naku ne. Idan gara ko ruwan sama sun ci rajistar, a koma ga hotunan aji da na gidajen kwana, a zauna da dattawan ajin a sa wa kowace fuska suna. A makarantar kwana nema ta gida ya fi sauri, don wanda kuka kwana ɗaki ɗaya ya fi sanin garinka da wanda ke kawo maka ziyara. 'Yan Barewa sun huta ta wannan fannin, kowane ɗalibi yana da lambar shigarsa mai farawa da B, da gidansa, ko Ɗan Hausa ko Nagwamatse ko Lugard, shi ya sa ƙungiyarsu ta tsofaffin ɗalibai, BOBA, ba ta cika rikita mutum biyu masu suna ɗaya ba. Ku ari wannan, ku rubuta lambar shiga kusa da kowane suna.

Sai sunan kansa. A zamaninku da yawa sunan garinsu aka liƙa musu: wane Ikara, wane Soba, wane Maƙarfi, wane Giwa. Wannan sunan shi ne adireshi. A je garin a tambayi mai unguwa ko limamin Juma'a, a faɗi sunan uba da shekarar da yaron ya tafi makaranta Zariya. Ku tuna kuma sai a 1987 aka cire Katsina daga jihar Kaduna, don haka akwai yiwuwar wasunku 'yan Funtuwa ne ko Malumfashi ko Daura da suka koma can da aiki bayan an raba jiha. Na cikin birni kuwa, mutum na iya yin shekara talatin a Legas amma gidan gado na nan a Kwarbai ko Juma ko Kaura bai gusa ba. Sai dai a can ba lallai a san shi da sunan makaranta ba, da sunan da ake kiransa a gida za a gane shi, don haka a tafi da wanda ya taɓa raka shi gida.

Ku hanzarta, saboda shekarunku na ritaya ne. Ma'aikacin gwamnati na ajiye aiki a shekara 60 ko bayan shekara 35 yana aiki, malaman firamare da sakandare dokar 2022 ta kai nasu 65 ko 40, farfesoshi kuma 70. Wanda yau za a same shi ta ofis a Kongo ko Samaru ko asibitin Shika, baɗi ya bar gidan gwamnati ya koma ƙauye. Kada a rubuta adireshin ofis. A rubuta unguwa, da masallaci ko cocin da ke kusa da gidansa, da lambar wani ɗansa babba. Littafin da kuke rubuta sunaye da adireshin nan ya zama kwafi biyu a hannun mutum biyu, ɗaya a takarda, ba a waya kaɗai ba.

Hajiyar Ƙofar Gayan:

Malam bai faɗa mana ko makarantar tasu ta maza ce zalla ko a haɗe suke ba. In akwai mata, hanyar da Tsohon Malamin Aji ya zayyana tana bukatar ƙari. Mace a rajista sunan mahaifinta take ɗauke da shi, yau kuwa unguwar da take aure ba mai saninta da shi, Maman wane ake ce mata ko Hajiyar gidan wane. Ta gidan iyayenta ake bi, kuma mace ce za ta shiga ta tambayi matan gidan. Namiji ya tsaya a zaure yana neman lambar matar aure, ko da jikoki gare ta, ba za a ba shi ba, kuma ya jawo mata magana. In an same ta, 'yar'uwarta mace ta kira ta, ta tambaye ta ko tana so a sa ta a zauren da ke da maza. Wata za ta ce sai ta shawarci maigida, wata za ta ce a bar ta a na mata kawai. Duka biyun a karɓa ba gardama, a buɗe wa mata nasu zauren, a sa mace biyu cikin shugabanni da za su riƙa kai sanarwa tsakani. Waɗanda aka cire a aji biyu ko uku aka yi musu aure su ma a neme su. Su ne suka fi jin cewa ba da su ake ba, sai an je har gida an nuna musu sunansu a jerin.

Zancen rasuwa da ka yi shi ya fi damuna. A garin nan mutum zai cika da asuba a kai shi kafin azahar. Saƙon da aka rubuta a zaure ba zai isa ga wanda datarsa ta ƙare ko wanda ke riƙe da ƙaramar waya mai tocila ba. Kira ake yi. A raba ajin gida-gida, kowane mutum ɗaya a ɗora masa biyar, a haɗa su bisa kusancin unguwa: na Tudun Wada da Gyallesu tare, na Sabon Gari da Cikaji tare, na Samaru da Palladan tare, na Kaduna daban, na Abuja daban. Da labari ya iso ga sakatare sai ya kira shugabannin biyar-biyar ɗin, kowa ya kira nasa, ya faɗi abu uku: wa ya rasu, ƙarfe nawa za a yi jana'iza, a wane gida ko masallaci. Cikin rabin sa'a kowa ya ji.

Wannan rabon ba na mutuwa kaɗai ba ne. Kowane wata mai biyar ya ji muryar biyar ɗinsa, wanda aka kira sau biyu ba a samu ba a taka a duba shi. Zumunci a ƙafa yake. Mai shanyewar ɓarin jiki ko wanda ido ya tafi ba zai rubuto cewa yana kwance ba.

Bayan kwana uku na zaman makoki jama'a na watsewa, matar kuma tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma. A nan ne ziyarar matan ajin da ɗan abin cefane ke da amfani, fiye da ranar da gida ke cike. Kuma kada a goge mamaci daga littafi, a rubuta ranar rasuwarsa, a bar lambar iyalinsa a wurin.

Mai Lissafi, Sabon Gari:

Ranka ya daɗe, kuɗi ne ke kashe irin waɗannan ƙungiyoyin, kuma ba sata ce ke fara kashe su ba, rashin rubuta ƙa'ida ne tun ana shiri. An ba wane dubu ɗari da matarsa ta rasu saboda lokacin asusu na da nauyi, an ba wane dubu ashirin da tasa ta rasu saboda asusu ya yi ƙasa. Ba wanda ya yi niyyar wulaƙanci, amma na biyun ba zai manta ba.

Kuɗin wata ya zama wanda mai jiran fansho zai iya biya ba tare da ya ji a jikinsa ba. Naira 1,000 a wata ya isa, mai hali ya biya 12,000 na shekara gaba ɗaya. Wanda Allah ya buɗa wa ya ƙara abin da ya so a matsayin gudummawa, amma ƙuri'arsa ɗaya ce kamar ta kowa. Kada a taɓa manna sunayen waɗanda ba su biya ba a zaure. Ma'aji ya kira mutum a keɓe, in ya ga babu, a yafe masa shiru, a ci gaba da kiransa taro. Ranar da biyan kuɗi ya zama sharaɗin zama ɗan aji, kun kori waɗanda aka kafa abin dominsu.

Ga lissafin da ya kamata ku yi kafin ku yi alkawarin komai. A ce mutum 60 na biya, a shekara kuna da 720,000. A shekarunku kowa aurar da 'ya'ya yake yi. In kuka ce za a ba da 50,000 a kowane biki, aka yi biki 20 a shekara, miliyan ɗaya ke nan, asusu ya ƙare kafin kowa ya kwanta asibiti. Don haka biki da suna a bar su a aljihun kowa, a sanar, mai zuwa ya je da abinsa. Asusu na abu uku ne: rasuwar ɗan aji, rasuwar mata ko miji, da kwanciya asibiti. A rubuta adadin kowanne a takarda, a ba kowa daidai, ko kwamishina ne ko mai faci. In larura ta fi ƙarfin asusu, kamar tiyata ko wankin ƙoda, a buɗe gudummawa ta musamman mai ranar rufewa, bayan an nemi izinin maras lafiyan, don wani ba ya son a san halin da yake ciki. Rance kuwa babu shi. Ba za ka iya bin wanda kuka sha gari a kwano ɗaya bashi ba. Masu son adashe su yi nasu a gefe da sunansu.

Kada kuɗin ya zauna a asusun mutum ɗaya, komai amanarsa. In ya rasu kuɗin ya shiga cikin dukiyar da magada za su raba, fitar da shi sai an sha wahala, ga jin nauyin tunkarar marayu da zancen. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, kowane biyu su iya fitar da kuɗi, kuma ukun su kasance mazauna Zariya. In ɗaya na Fatakwal ɗaya na Abuja, ranar da ake bukatar kuɗin asibiti za ku gane kurenku. Banki zai nemi tsarin mulkin ƙungiya, da rubutaccen bayanin taron da aka zaɓi masu sa hannu, da BVN da NIN da hotunansu. Wasu bankunan sai sun ga takardar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, don haka a tambaya kafin a fara cike takardu. Ƙarshen kowane wata ma'aji ya sa hoton bayanin asusu daga banki a zaure, ko da ba abin da ya shiga. Shugabanci shekara biyu, a sake zaɓe.

Ɗan Gyaran Waya na PZ:

Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki ta ɓangaren waya. Zaure ɗaya ba zai ɗauki sanarwa da hira tare ba. A yi biyu. Na farko a saita shi yadda admin kaɗai ke iya rubutu, ba abin da ke shiga sai rasuwa, rashin lafiya, taro da lissafin kuɗi. Na biyu na hira, wanda ya gaji ya fita ba laifi. Abin da ke sa dattawa su daina buɗe zaure shi ne su tarar da saƙo ɗari uku da bidiyon da ke cinye data da cika waya, sanarwar jana'iza ta nutse a tsakiya. Kowa ya shiga saitin WhatsApp ya kashe saukar da hoto da bidiyo kai tsaye. Sanarwa mai muhimmanci a yi ta a rubuce sannan a maimaita da murya, gajeriya, saboda masu matsalar ido.

Siyasa da saɓanin malamai a hana su a rubuce tun ranar farko, a kuma fara zartar da dokar a kan mai kuɗin ajin in shi ya karya. Lokacin zaɓe ne zaurukan 'yan aji suka fi fashewa. Abin da ke tayar da hira kuwa tsohon hoto ne: a sa ɗaya a mako a ce wa ya gane na uku daga hagu. In za a ɗauki hoton tsohon hoto, a shimfiɗa shi a inuwa da rana, a kashe filashi, a tura shi a matsayin fayil don kada WhatsApp ya rage masa kyau.

Sai 'yan damfara, don irin zaurenku suke nema. Wani zai kira ya ambaci sunan ajinku, ya ce za a yi taro ta intanet, an turo maka lamba shida ka karanto masa. Lambar nan ita ce makullin WhatsApp ɗinka. Da ka faɗa ya ƙwace, sai ya bi 'yan aji ɗaya-ɗaya da sunanka yana cewa a tura masa kuɗi zai mayar gobe. Kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu ya sa lambar sirrinsa, wanda bai iya ba ɗansa ya yi masa. Duk wanda ya nemi kuɗi a rubuce a kira shi a ji muryarsa. In an ƙwace na wani, admin ya cire lambar nan take, mai ita ya sake rajista da layinsa. Idan ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar sirrin, sai an jira kwana 7. Haka kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na sake sayar da shi, don haka lambar mamaci a cire ta daga zaure bayan an gaya wa iyalinsa, in ba haka ba wata rana baƙo ne ke karanta sirrinku. Admin su zama uku, kuma a kunna amincewar admin kafin sabon mutum ya shigo.

Ɗan Tudun Jukun:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, a haɗe muke, kuma gaskiya ba mu bi ta hanyar da kika faɗa ba, za a gyara. Saura taron ido da ido: yaushe ya fi, a ina? Kuma rajistar CAC ɗin nan dole ce?

Tsohon Malamin Aji:

Rajista ba dole ba ce a farko, kuma ni ban ba da shawarar a fara da ita ba. Rajistar amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 na bukatar tsarin mulki, da buga sanarwa a jaridu biyu, da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, ga kuɗin lauya, ga rahoton da za a riƙa kaiwa duk shekara. Aji ɗaya bai cika bukatar wannan ba. In makarantarku na da uwar ƙungiyar tsofaffin ɗalibai mai rajista, ku shiga ƙarƙashinta ku nemi wasiƙarta zuwa banki. Sai ranar da za ku mallaki fili ko ku karɓi manyan kuɗi sannan a yi zancen.

Taro sau ɗaya a shekara, a tsayar da lokacinsa kada ya riƙa yawo. Mutanen Zariya na dawowa gida da Sallah, amma ranar idi da ranakun hawa kowa na da hidima, hanyoyin cikin birni kuma a cushe suke. Asabar ta farko bayan an gama hawa ta fi. In kuna da 'yan aji Kirista da yawa, na Wusasa ko na kudancin Kaduna ko waɗanda suka koma kudu, ƙarshen Disamba ya fi haɗa kowa. Ban da Juma'a, ban da Lahadi. A sanar wata uku kafin ranar. A fara ƙarfe goma a tashi da la'asar, don na Kaduna da Kano su isa gida da ido, na Abuja kuma da suka biyo jirgin ƙasa zuwa Rigasa su san yadda za su tsara komawarsu.

Wuri kuwa, ɗakin taron makarantarku ya fi otal. Ba tsada, kuma wanda rayuwa ba ta yi wa daɗi ba zai shiga makarantarsa da rigar da yake da ita, amma zai yi nauyin ƙafa zuwa otal. Saboda wannan dalilin kada a yi babban tebur, kada a yi anko mai tsada, kada mai gabatarwa ya tsaya jero muƙamai. A manna wa kowa takarda a ƙirji da sunansa na makaranta da manyan baƙaƙe, don bayan shekara arba'in fuska ta sauya, kuma "ba ka gane ni ba?" na sa mutum kunya. Laƙabin da aka san mai shi ba ya so tun yana yaro a bar shi. Kwana biyu kafin taro wani ya je ya duba banɗaki da ruwan alwala da matakala, a tanadi mota ɗaya da za ta ɗauko marasa ƙarfi daga gida ta mayar da su. Abinci a rage gishiri da mai, a yi zoɓo kashi biyu, ɗaya ba sukari, saboda masu hawan jini da ciwon suga.

Malamanku da ke raye a aika mota ta ɗauko su, a ba su abin da ya sawwaƙa a ambulan ba a gaban lasifika ba. A karanta sunayen waɗanda suka rasu a yi musu addu'a. Sannan kafin a raba abinci, ba bayansa ba, sakatare ya miƙe da littafin nan ya karanto sunayen da har yanzu ba a gano ba ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya san garin mutum ko wani ɗan'uwansa ya ɗaga hannu, a rubuta sunansa a gefe, a ba shi wata biyu ya kawo labari.